Kwantar-bashi: neman asalin wani tsohon ƙahon tagulla a Agiye

A ɗakin ajiya da ke bayan rumbunan gidanmu a Agiye akwai wani abu da muka tashi muka tarar yana rataye jikin azara. Tagulla ce da ta yi baƙi don daɗewa, an naɗe ta kamar gammo, sai dai gammon ya isa babban mutum ya shiga cikinsa ya ɗora shi a kafaɗa. Can sama tana da baki buɗaɗɗe wanda ya fi faifai faɗi nesa ba kusa ba. Muna yara da shi ake tsorata mu, wai in ka leƙa bakin zai haɗiye ka. Rina ma sun yi gida ciki, wannan kaɗai ya isa ya kore mu. Sunansa a gidanmu Kwantar-bashi. Na ƙanen kakana ne, wanda kowa ke kira Baba Soja, ɗaya daga cikin mazan jiya da suka yi wa Faransa aikin soja. Ya rasu ban kai shiga lekwal ba.

Ban taɓa tambayar ko mene ne abin nan ba sai bakansin bara, da na dawo daga Yamai na tarar an sauko da shi, an jingine a zaure. Ruwan farko ya rusa kusurwar ɗakin Kaka, matar marigayin, ana neman kuɗin kwano da siminti. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da sikelinsa ya auna, kilo goma sha ɗaya da ƴan kai, ya yi tayin jika ashirin da biyar. Baba Ƙarami, ɗan marigayin, bai sallama ba, don wani abokinsa ɗan kasuwa a Maraɗi ya ga hoton abin a waya ya ce masa kada ya yi gaggawa: in dai na Amurka ne, akwai masu tara kayan da, za su biya ninkin wannan sau goma. Sai ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, ga aikinka. Ka hwaɗa muna na wace ƙasa ne. Kwana goma na ba mutumin."

Ni ilimin harsuna nake karanta, ban san komai game da kayan busa ba. Amma abin da aka koya mana shekara uku shi ne yadda ake bin sawun kalma har a kai inda ta fito, sai na ce bari in gwada a kan ƙarfe.

Na fara da tambayar mutane, kuma cikin kwana biyu na tara asali uku. Baba Ƙarami ya ce mahaifinsa mabushi ne a soja, da abin ya dawo daga yaƙi, amma ƙirar Amurka ce, ya taɓa ganin irinsa a fim. Wani maƙwabcinmu, tsohon malamin lekwal, shi ma ya ce na Amurka ne, sai dai a ganinsa ƴan Peace Corps suka bar shi, matasan nan da suka yi ta zama a ƙauyukan Nijar daga 1962 har 2011. Wani dattijo da ke zama bakin masallacin unguwarmu, mutumin wajen Gazawa, ya ce sam, wannan kayan badujala ne, daga Kano ko Katsina ya ƙetaro kamar yadda komai ke ƙetarowa. Da na zaci na gama, sai ga na huɗu, wanda ya fi duka nauyi. Wata gwaggona ta rage murya ta ce ita abin da ta ji tun tana yarinya, na Nasaran farko ne, waɗanda suka ƙone garuruwa, an tsince shi a daji bayan sun kashe junansu, shi ya sa ba ta son a riƙa taɓa shi.

Duk ɗan yankin nan ya san su wa take nufi. Rundunar Voulet da Chanoine ce, wadda ta ratso ƙasar Hausa a 1899, ta bi ta Lugu inda Sarauniya ta tare ta, ta yi kisan Birnin Ƙonni, ta gangaro gabas tana ƙona ƙauyuka. Ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Dankori kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburansu na nan a Maijirgi, ba wata tafiya ba ce daga nan. Saboda haka maganar gwaggo ba tatsuniya ba ce da za a yi wa dariya. In abin nan na wannan runduna ne, to ba kayan sikeli ba ne, ba kuma kayan ɗan kasuwa ba ne.

Wani abu da na lura da shi tun a nan, kowa da sunan da yake kiran abin, kuma sunan yana bin inda mutum ya yi rayuwarsa. Dattijon Gazawa, wanda ya yi shekaru yana ci-rani a Nijeriya, badujala yake cewa, da begila, kalmar da Hausa ta ara daga Ingilishi. Malamin lekwal fanfar yake cewa, daga Faransanci. Tsofaffin mata kakakin Nasara suke cewa. Wannan ba sabon abu ba ne gare mu mutanen bakin iyaka: muna cewa lekwal, ƴan uwanmu na Jibiya na cewa makarantar boko, mu ce mushe su ce tica. Amma waɗannan sunaye uku labarin masu faɗar su suke bayarwa, ba su ce komai a kan ƙarfen ba.

Rana ta uku na nemi toka da lemun tsami da tsumma, na zauna na fara goge bakin. Kafin nan na tura hotuna ga wani abokina da ke koyon kiɗa a cibiyar CFPM Taya ta Yamai. Ya amsa da kalma guda, susafon, ya ƙara da cewa Faransawa subasofon suke ce masa. Ya ce in duba ko bakin yana cirewa. Na duba, akwai wani zobe a wuyan da kusoshi uku masu murɗi, biyu sun ci tsatsa, ɗaya an musanya ta da ta keke. Ya ce to susafon ne, ba helikon ba. Helikon shi ne yayansa: shi ma naɗaɗɗe ne ana shiga cikinsa, wani maƙerin kayan busa na Biyana mai suna Ignaz Stowasser ya yi masa rajista a 1848, amma bakinsa ƙarami ne, a manne yake, yana kallon gefe. Namu bakinsa babba ne, ya tashi sama da kan mai busa sannan ya lanƙwaso yana kallon gaba.

Ga tarihin a taƙaice. John Philip Sousa ya shugabanci ƴan busar sojan ruwan Amurka daga 1880 zuwa 1892, sannan ya kafa ƙungiyarsa. Bai son yadda helikon ke harba sauti gefe guda, sai ya nemi a ƙera masa wanda muryarsa za ta tashi sama ta lulluɓe sauran kayan busa. Kamfanin J. W. Pepper na Filadelfiya ya ƙera na farko, wasu na cewa 1893 wasu 1895, aka sa masa sunan Sousa. Kamfanin C. G. Conn na garin Elkhart ya fito da nasa a 1898. Waɗannan na farko bakinsu sama yake kallo, har mabusa na yi musu ba'a da cewa matarin ruwan sama ne. Sai a 1908 Conn ya lanƙwaso bakin ya kalli gaba, siffar da aka sani yau.

Wannan shekara ta 1908 ita ta fara sauke mini nauyin maganar gwaggo. Abin da ba a ƙirƙiro siffarsa ba sai shekara tara bayan mutuwar Voulet ba zai zama nasa ba. Amma kuma ta ƙarfafa Baba Ƙarami, don duk sunayen da na ambata na Amurka ne. Daren nan ya kira abokinsa na Maraɗi yana murna.

Kashegari toka ta gama aikinta. A ƙarƙashin baƙin, daidai inda bakin ya fara faɗi, rubutu ya fito, an zana shi da hannu cikin tagullar. Layin sama yana maganar baje kolin duniya na Faris, da shekarar 1900 a rubuce ƙarara. Ƙasa da shi sunan kamfani, Couesnon & Cie, ana karanta shi Kwenon. Sai kalmomin da ke nufin masu sayar wa soja kaya, sai adireshi: lamba 94, titin Angoulême, Faris. Can ƙarshe wani ɗan zane kamar gurneti mai harshen wuta a ka, da lamba 29 a cikinsa. Babu Elkhart, babu Filadelfiya. Babu kuma sunan Boosey ko Hawkes ko Besson na Landan, waɗanda za a sa ran gani in da ta hannun Ingilishi ya biyo daga Kano.

A nan na daɗe, don kowane layi yana da abin da yake faɗa da abin da mutum zai so ya sa shi faɗa. Shekarar 1900 ba shekarar ƙira ba ce. Tutiya ce, kamfani na tuna wa mai saye matsayin da ya samu a baje kolin, kuma sun ci gaba da zana ta a jikin kayansu shekaru da yawa bayan nan. Abin da take tabbatarwa kawai shi ne an yi abin bayan buɗe baje kolin a Afrilun 1900, wata tara bayan abin da ya faru a Dankori. Shaida ta biyu ke nan a kan maganar gwaggo. Wani abin sha'awa, ƙungiyar Sousa da kanta ta yi wasa a wannan baje koli, ita ta wakilci Amurka.

Adireshin ne ya rufe ɗaya ƙofar. In ka nemi titin Angoulême a taswirar wannan unguwa ta Faris yau ba za ka same shi ba. A 1945 aka sauya masa suna zuwa Jean-Pierre Timbaud, shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe da Jamusawa suka harbe a Oktoban 1941. Gidan mai lamba 94 kuwa tun kafin nan ya fita hannun kamfanin: a 1936 aka sayar da shi ga ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, kuma har yanzu yana nan, ana kiransa Maison des Métallos, gidan wasanni ne. Ke nan rubutun ya killace mu tsakanin 1908 da wajen 1936. Gurnetin kuma, masu tara kayan Couesnon sun san shi, lambar da ke cikinsa ita ce shekarar ƙira. Ashirin da tara ta faɗa daidai tsakiyar wannan shinge. Na rubuta a kayena: Faransa, 1929.

Kamfanin tsoho ne, tushensa na komawa 1827, ya bi ta hannun wani Gautrot wanda ya buɗe masana'anta a Château-Thierry, kafin Amédée Couesnon ya karɓe shi a farkon shekarun 1880. Gidan Gautrot ne ya fito da sarusofon a 1856, wani abin busa da aka raɗa wa sunan shugaban ƴan busar soja Sarrus, kamar yadda sakisofon ke ɗauke da sunan Adolphe Sax. Wato al'adar liƙa wa ƙarfe sunan mutum a ƙara masa "fon" a wutsiya ta riga Sousa. Me ya sa kamfanin Faransa zai ƙera kayan Amurka? Don kasuwa ta nema. A farkon 1918 sojojin Amurka baƙar fata na runduna ta 369 suka sauka Faransa da ƴan busarsu ƙarƙashin James Reese Europe, daga nan kiɗan jaz ya kama Faris, kuma cikin shekarun 1920 susafon shi ne mai riƙe gindin sauti a ƙungiyoyin rawa. Duk da haka ƴan busar Faransa sun fi sabawa da helikon da manyan ƙahonin Sax, shi ya sa susafon ƙirar Faransa na wancan zamani bai yawaita kamar na Amurka ba. Na so in ɗaura shi da baje kolin ƙasashen mulkin mallaka da aka yi a Vincennes a 1931, in ce wataƙila can aka fara busa shi. Na rubuta wa wani malaminmu haka, ya amsa mini da tambaya guda: a wane layi na rubutun ka karanta wannan? Na goge.

Da na kai wa Baba Ƙarami sakamako bai ji daɗi ba, amma ya sami abin riƙewa. Ya ce to ai shi ke nan, na sojan Faransa ne, maganarsa ta fito, mahaifinsa mabushi ne. Ya shiga ɗaki ya fito da wata ƴar akwatin ƙarfe, a ciki akwai littafin soja na marigayin da takardun fansho. Na karanta shafi shafi. An ɗauke shi bayan yaƙin duniya na biyu, ya yi Indocin, ya dawo. Muƙaminsa tirayer mai daraja ta biyu daga farko har ƙarshe. Akwai wurin da ake rubuta sana'ar soja ta musamman, an bar shi fari. Abin busar ya girmi shigarsa soja da kusan shekara ashirin, kuma soja ba ya barin ƙaramin tirayer ya tafi gida da kilo goma sha ɗaya na tagullar gwamnati a kafaɗa. Ban iya faɗa masa haka kai tsaye ba. Na ce takardar ba ta ambaci busa ba. Ya ce takardar Nasara ce, me ta sani.

Sai a rana ta bakwai na yi abin da ya kamata in fara da shi. Kaka tana zaune a rumfar da aka yi mata kafin a gyara ɗakin, tana ɓarar gyaɗa. Ta haura tamanin, ita ce amaryar marigayin. Ta ce, "Maigidana, ka gama yawon tambayar maza? Ni da ag gida ranar da anka kawo shi ba ka tambaye ni ba." Na ce Kaka a yi mini aikin gafara. Na tambaye ta ko Baba Soja ya iya busa shi. Dariya ta yi har ta ajiye ƙwaryar. "Busa? Wanga mutum? In ya busa, jakkai ka amsa mishi. Bai iya ba, bai taɓa iyawa ba."

Ga abin da ta ba ni. A bariki, ranar fareti, akwai wani ƙato da ke shiga cikin irin wannan abu yana tafe bayan sauran mabusa, kuma duk sanda ya hura sai Baba Soja ya ji ƙasa na motsi a ƙirjinsa. Ya yi wa kansa alkawari sai ya mallaki irinsa. Shekara biyu bayan ƙuri'ar i da a'a, lokacin Sawaba, ya tafi Damagaram karɓar kuɗinsa na soja, ya iske wani mai gwanjon tsofaffin kayan bariki da abin nan cikin tarkacen gadaje da tukwane, ya lotse, fistan ɗaya ya maƙale. Kuɗin hannunsa ba su kai ba, ya cika da bashi, ya ɗoro shi bisa kamiyon gyaɗa har Agiye. Ƙuri'ar da take nufi ita ce ta 28 ga Satumba 1958, wadda Djibo Bakary ya nemi a ce a'a. Shekara biyu bayanta 1960 ke nan, shekarar ƴancin kai. Damagaram kuwa ita ce babban birnin Nijar har 1926, kuma ta ci gaba da zama garin bariki bayan an mayar da mulki Yamai, saboda haka ba abin mamaki ba ne tsohon kayan fanfar ya ƙare a kasuwarta.

Na ce, to Kaka, sunan fa? Ta ce ai a fili yake. Damina biyu suna biyan bashin nan, har da akuyarta ta aure. "Ya zo ya kwantar muna da bashi cikin gida, shi ya sa." Na ce ke kika raɗa masa? Ta ce a'a, shi ya zo da sunan a bakinsa, tun ranar farko haka yake kiransa, su kuwa da suka ji suka ce lalle ya faɗi gaskiya. Na ce ta maimaita mini yadda shi yake faɗa, ba yadda su suke faɗa ba. Ta ɗan yi shiru, ta gyara murya irin ta maza, ta ce, "Kwantarbas."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Contrebasse. Haka ƴan busar Faransa ke kiran mafi zurfin murya cikin kayan tagulla, ko da wace siffa aka naɗe shi. Tirayer da ya ji sajan na kiran abin a filin fareti ba zai ji susafon ba, wannan zai ji. Sauran kuma aikin bakin Bahaushe ne, irin wanda muke zanawa a allo a fakilte. "Kon" na farkon kalma ya koma "kwan", kamar yadda ya faru a kwantiragi. Baƙaƙe biyu da suka haɗu a "tr" Hausa ba ta yarda da su a farkon gaɓa, sai ta sa wasali tsakani, aka sami "tar". Saura "bas" a ƙarshe. Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali, in kuwa ka ƙara "i" bayan "s" sai ta koma "sh", dokar da ta ba mu ƙasa da ƙasashe, ta ba mu rasa da rashi. Bas ya zama bashi ba tare da kowa ya nufa ba. Da kalmar ta iso nan, kunnen matan gida ya ji kalmomi biyu na Hausa tsantsa, kwantar da bashi, kuma ga bashin nan kwance a tsakar gida ana biya. Ban san wani misali da doka ta sauti da halin da ake ciki suka taru suka haifi suna ɗaya kamar wannan ba.

Mu ɗaliban harshe an koya mana mu yi wa irin wannan fassara ta jama'a kallon kuskure, abin da za a share a kai ga asali na gaskiya. Turawa ma suna da tasu a kan wannan abin busa. An daɗe ana yaɗa cewa Sousa ba sunansa ba ne, wai baƙo ne da ya sauka Amurka da akwati an rubuta harufan sunansa S. O. sannan U.S.A., aka haɗa. Ƙarya ce ta masu talla, a Washinton aka haife shi a 1854, Sousa kuma sunan mahaifinsa ne mai asalin Fotugal. Subasofon na Faransawa, a ganina, shi ma gyaran kunne ne, sun cusa "bas" a tsakiyar sunan mutum don kalmar ta yi musu ma'ana. Ƙanena da ya ji ina cewa susafon tambaya ta ya yi ko waya ce ta susa. Amma ta Kaka ta bambanta da ta akwatin Sousa. Tata ba ta ƙirƙiri komai ba, akuyar an sayar da ita da gaske. Kuma kuskuren nata ne ya adana kalmar Faransancin shekara sittin da wani abu a gidan da babu mai jin Faransanci sai mu jikoki. Da sun kira shi kakakin Nasara kamar sauran unguwa, da sawun ya ɓace.

Ta kuma gaya mini dalilin da ya sa marigayin bai yarda a ce masa kakaki ba ko da wasa. Kakaki ba kayan talaka ba ne. Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su, kuma tun daga nan na sarakuna ne. A ƙasarmu a ƙofar Sarkin Katsina na Maraɗi ake jinsa, da ƙofar Sarkin Gobir a Tsibiri ta Gidan Runji. Tsohon soja ya dawo da fansho, ya rataya dogon ƙahon ƙarfe a gidansa, a ce kakaki gare shi, magana ce da za ta iya yin nisa. Sai ya riƙa gyara wa duk wanda ya faɗa: ba kakaki ba ne, kwantarbas ne. Na je wurin wani mabushin kakaki da hotunan, don in ji ta bakinsa. Ya duba ya ce dangi ne, duka da leɓe ake busa su, amma nasu miƙaƙƙe ne, ba shi da abin dannawa, murya biyu yake bayarwa kuma da su yake kiran sunan sarki. Ya tambaye ni tsawon namu in an warware. Na ce irin wannan babban yana kai mita biyar da rabi. Ya ce, "To wanga ya hi ƙarhin numfashin mutum guda, shi ya sa sunka naɗe shi."

Akwai faci huɗu a jikin bututun, an like su da dalma. Biyu tsaf suke, da tagulla iri ɗaya da ta jikin, aikin wanda ya san kayan busa. Biyu kuwa da gwangwani aka yi su, a ɗaya har ana iya ganin ragowar jan fenti na tumatir. Kaka ta ce waɗannan maƙerin unguwarmu ne ya yi su, bayan wata shekara da tsuntsaye suka sauka wa gero, Baba Soja ya ɗauki abin ya tafi gona yana hura musu, ya faɗi da shi a kan kututture. Ta ce tsuntsayen sun tashi kam.

Rana ta goma mai sikeli ya dawo. Ɗan kasuwan Maraɗi tun da ya ji Faransa ya daina ɗaukar waya. Na roƙi Baba Ƙarami ya sayar mini a kan farashin mai sikelin. Ya ce ina na ga jika ashirin da biyar. Na ce goma yanzu, sauran in bursi ta fito. Ya dube ni ya dubi abin, ya ce har yanzu shi bai yarda mahaifinsa bai iya busa ba, Kaka ce ba ta da kunne. Na ce haka ne Baba. Ya karɓi goman.

An rufa ɗakin Kaka kafin ruwan Agusta. Abin yana nan rataye inda yake da, na cire gidan rina, na toshe bakin da tsumma. Ƴar mazurarin da ake ɗora wa leɓe ta ɓace tun ban san ranar ba, abokina na Taya ya ce zai nemo mini wata in gwada. Saura jika biyar ban biya ba. In akwai mai karanta wannan ɗan littafi da ke da tsohon hoton fanfar na barikin Damagaram a gidansu, na kafin 1960, ya duba layin baya, wajen mai ƙaton baki bisa kai, ya kawo wa ƴan ƙungiyarmu mu yi fotokopi mu mayar masa.